Gudun da Aka Yi wa Ɗangana

Mamuda ɗan Mati mai koma ya taso ne a bakin ruwan Yelwa, kuma tun yana ɗan shekara tara yake tuƙin kwalekwale. Hakan ya ba shi ƙirji da damatsa waɗanda duk wanda ya gani sai ya sake dubawa, amma ya bar shi da ƙafafun da ba su san tafiya mai nisa ba. Sau biyu yana neman shiga soja. Shekarar farko sunansa bai fito ba. Ta biyu ya fito, ya je Birnin Kebbi wurin tantancewa, aka sake su gudu, bai kai rabin hanya ba numfashinsa ya ƙare, ya zauna a gefen titi yana kallon yaran da bai kai su ƙarfi ba suna wuce shi. Yanzu ya cika ashirin da biyu. In ya rasa ta bana, shekarunsa sun wuce.

Ba sha'awar kaki kaɗai ke jan sa ba. Kifi ya ragu a ruwa, su huɗu ne maza a kan jirgin uba ɗaya. Ga kuma dangin innarsa Halimatu da suka gudo daga ƙauyensu ta wajen Shanga saboda 'yan bindiga, suka cika musu tsakar gida da tabarmi da yara. Mamuda kan dube su ya ji kunyar girman jikinsa.

Wata huɗu kafin tantancewa ya je wurin Saje Tamada. Tamada Bakambare ne daga ƙasar Ngaski, ya yi shekara ashirin da biyu a soja, ya dawo yana noman albasa. Duk shekara yakan tara samarin da suka cike fom ya horar da su, ba ya karɓar komai a hannun kowa. Ranar farko ya sa Mamuda ya tuɓe silifa, ya duba tafin ƙafarsa, ya lanƙwasa gwiwarsa, sannan ya ce masa ƙafar lafiyarta lau, lalaci ne kawai aka koya mata a cikin jirgi.

Horon Saje ba shi da garaje. Bayan sallar asuba ake fita, a dawo kafin rana ta yi zafi. Satin farko tafiya ce da sauri, ba gudu. Daga nan a riƙa gudu kaɗan ana tafiya kaɗan, duk sati yana ƙara musu nisa. Ya hana su gudu da silifa, ya sa kowa ya nemo kambas ko da na gwanjo ne. Ya hana su shan ƙwayar da wasu ke cewa tana ƙara ƙarfi, ya ce duk wanda ya kama da ita kada ya sake zuwa. Yakan ce a sha ruwa, a ci wake, a kwanta da wuri, kuma ranar Lahadi kowa ya huta.

Su goma sha huɗu ne. A cikinsu Mamuda ya shaƙu da Samuel, ɗan wani manomi daga Ngaski da ke zaune wurin kawunsa a Yelwa. Samuel ya saba hawa tudu da dami a ka, gudu ba ya ba shi wahala, amma in aka ce a dafa ƙasa a sauka a taso da hannu, a na goma yake kifewa. Sai suka yi musaya. Da safe Samuel yakan rage gudunsa ya jera da Mamuda yana ƙirga masa numfashi. Da la'asar Mamuda ya saka shi a kwalekwale, ya miƙa masa filafili, ya ce ya kai su tsallake. Ranar farko da'ira suka yi ta yi a kan ruwa, matan da ke wanki a gaɓa suna ta dariya.

Watan farko Mamuda ya sha wuya. Ƙwaurinsa ya kumbura, ƙumbar babban yatsansa ta cire. Innarsa kan dafa ruwa ta gasa masa ƙafa da tsumma tana faɗan wace irin wahala ce wannan, amma kullum sai ya tarar ta ajiye masa ƙwai biyu a cikin kwano ta rufe don kada yara su gani. A wata na uku ya yi gudun kilomita biyar bai tsaya ba. Saje ya dubi agogo, ya sake duba, ya ce gobe ma a yi haka.

Da farko a gefen babban titi suke yin atisaye, har wata safiya tirela ta kusa kwashe biyu daga cikinsu. A lokacin ne Alhaji Ɗangana ya shigo cikin maganar. Dillalin kifi ne babba, shi ke sayen mafi yawan abin da masunta ke kamawa ya loda zuwa kudu, kuma ya fara sha'awar kujerar kansila. Yana da wani fili kewayayye da ya saya don gina gidan mai, bai gina ba. Ya aiko aka ce su riƙa amfani da shi, ya kuma yi alkawarin ranar tafiya zai ba da bas ta kai su Birnin Kebbi. Saje ya je ya yi godiya, kowa ya sa masa albarka.

Sunayen duka goma sha huɗun suka fito. Aka sa tantancewa ranar wata Litinin a tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta barin inuwa da rana. Saje ya tara su ya ce aiki ya ƙare, abin da ya rage shi ne a bar jiki ya huta. Daga Laraba ba gudu, sai miƙe jijiya da tafiya kaɗan da sanyin safiya.

Ranar Alhamis Ɗangana ya aiko a kira Saje. Washegari bayan sallar Juma'a zai fito ya bayyana takararsa, za a yi jerin gwano daga mararrabar Tondi har bakin kasuwa, yana son samarin nan su sa riguna masu hotonsa su yi gudu a gaban motarsa suna waƙa irin ta sojoji. Saje ya ce ba zai yiwu ba. Ya ce kwana uku ya rage, rana ce tsaka, kwalta ce, ga babura, in yana so ya bari su dawo su yi masa gudun har Koko. Ɗangana ya yi murmushi ya ce ba komai, ya fahimta.

Da Saje ya fita, Ɗangana ya tura mutanensa gida gida wurin iyaye.

Mati ya kira ɗansa bayan la'asar, yana zaune yana ɗinkin koma. Ya gaya masa saƙon ba tare da ya ɗago ba. Mamuda ya ce Saje ya hana. Mati ya ce Saje albasa yake nomawa, ba shi da kifin da zai ruɓe in Alhaji ya juya baya. Mutum ya ba ku fili wata uku, ya yi alkawarin mota, ya nemi alfarmar awa ɗaya, sai a ce a'a? Halimatu ta leƙo daga madafa ta ce a bar yaron ya huta. Mati ya ce ba da ita yake ba.

"Baba, wagga ita ce ta ƙarshe gare ni," in ji Mamuda.

"Na sani. Ka tahi ka yi mishi, ka yi a hankali, ka dawo."

Haka aka yi a kusan kowane gida. Kawun Samuel a rumfar Ɗangana yake aikin awo, shi bai ma yi dogon bayani ba. Goma sha biyu suka je. Ba wanda ya iya zuwa ya gaya wa Saje.

Ƙarfe biyu da rabi aka jera su a mararraba, aka raba musu riguna masu kauri da fuskar Ɗangana a ƙirji. Aka sa Mamuda a gaba saboda ya fi kowa tsawo da cika ido. Zafin kwalta yana ratsa kambas. An ce za a ba su ruwa a hanya, amma motar da ke ɗauke da ruwan ta tsaya can baya wurin mata masu guɗa. Ɗangana ya tsaya a buɗaɗɗiyar mota yana ɗaga hannu, mai lasifika yana faɗin a fito a ga sojojin Alhaji, a fito a ga abin da Alhaji ya yi wa matasa. 'Yan kabu-kabu sun fi hamsin, an cika musu tanki, suna ta wasa da babura, suna shiga tsakanin masu gudu suna fita. In samarin suka rage sauri sai direba ya matsa musu oda daga baya.

Sun kusa kwanar kasuwa wani babur ɗauke da mutum uku da tuta ya yanko ta gaban layi. Ƙarfen da ake ɗora ƙafa ya ɗauki ƙwaurin Mamuda. Ya yi ƙoƙarin tsayawa, ƙafarsa ta dama ta sauka a bakin kwalbati ta juye, ya faɗa cikin lambatu.

Ba a tsaya ba. Wannan ne abin da Mamuda ya kasa haɗiyewa daga baya, fiye da faɗuwar. Yana kwance a cikin ruwan datti ya ga motar ta zo daidai kansa, ya ga Ɗangana ya sunkuyo ya dube shi, sun haɗa ido, sannan Alhajin ya ɗago ya ci gaba da ɗaga wa mutane hannu. Mai lasifika bai ko canza murya ba. Samuel ne kaɗai ya fita daga layi, ya tuɓe rigar ya jefar, ya ciccibo shi.

Mai ɗori ya ce ba karaya, targaɗe ne, amma mugu. Ya ja, ya shafa, ya ɗaure, ya ce sati uku kada ƙafar ta ɗauki nauyi. Kafin magariba idon sawun ya yi kamar gwanda. Saje ya iso gidan a kan kekensa, ya durƙusa ya duba ƙafar ya daɗe. Da ya miƙe bai yi wa Mamuda faɗa ba. Sai ya juya ya fuskanci Mati, ya ce wata huɗu yaron nan yana gina ƙafar nan kamar mai gina rumbu, an rushe ta a awa ɗaya don a yi wa wani ado. Mati ya ce ƙaddara ce. Saje ya ce ya ga ƙaddara a daji da idonsa, ba ta zuwa da lasifika. Daga gidan Ɗangana ba wanda ya zo dubiya.

Ranar Lahadi da safe suka taru da jakunkunansu a bakin filin suna jiran bas. Mamuda ma ya zo, yana dogara sanda. Innarsa ta roƙe shi ya haƙura, ya ce gara ya je a kore shi da ya zauna yana tunanin da ya je. Har hantsi ba mota. Da aka kira wayar Ɗangana wani ne ya ɗauka, ya ce bas ɗin ta kai magoya baya ɗaurin aure Shanga, su yi haƙuri su nemi wata hanyar. Saje ya shiga tasha da kansa, ya samo musu wata motar busasshen kifi mai zuwa Jega. A kan kwalaye suka zauna. A Jega suka canja mota, suka isa Birnin Kebbi da yamma, kayansu duk warin banda.

Da safiyar Litinin Samuel ya ɗaure masa ƙafar da bandeji, suka saki igiyar kambas ɗin har ƙarshe kafin ta shiga. Aka busa usur. Kilomita na farko Mamuda ya yi shi yana cije leɓe, kuma yana cikin na gaba gaba. Numfashinsa bai ko motsa ba, ƙirjinsa a buɗe, jikinsa na gaya masa zai iya ninka wannan sau biyu. Ƙafar ce ta ƙi. A kilomita na biyu ta fara lanƙwashewa duk taku. Ya koma ɗingishi, ya koma ja. Bai zauna ba. Da ya iso, an riga an ja igiya an ware waɗanda suka shiga.

Wani soja da ke tsaye a wurin ya dubi ƙafar, ya tambaye shi da wannan ya yi gudun. Ya ce e. Sojan ya girgiza kai, ya miƙa masa ruwan leda, ya ce ba abin da zai iya yi masa, igiya igiya ce. Mamuda bai ji haushinsa ba ko kaɗan. Gaskiya ya faɗa.

A cikin goma sha huɗu, shida ne suka tsallake har ƙarshe. Biyun da suka ƙi zuwa jerin gwanon suna ciki, Samuel ma yana ciki. Da yawa daga sauran sun ce tun ranar Juma'a ƙafafunsu ba su saki ba. Samuel ya zo ya zauna kusa da Mamuda a gindin wata bishiya, har Mamuda ya ture shi ya ce ya tashi ya je ya yi murnarsa.

Sati uku Mamuda yana gida. Ranar da ya fara fita ba sanda, ya biya ta kasuwa. Tun daga nesa ya hango wani ƙaton ƙyallen roba an ɗaure tsakanin turakun lantarki biyu a bakin ƙofa. Hoton ranar Juma'ar nan ne: Ɗangana a sama yana ɗaga hannu, samari a ƙasa suna gudu, shi Mamuda a gaba, ya fi kowa girma a hoton. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Alhaji Ɗangana ya samar wa matasa goma sha huɗu aikin soja.

Yana tsaye yana karantawa wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ƙawar kakarsa, ta kama hannunsa tana yi masa barka. Ta ce ta ga hotonsa, Allah ya saka wa Alhaji, yaushe za a tafi Zariya wurin horo? Da zuciya ɗaya ta faɗa. Mamuda ya ce mata ba da shi ba, ya zare hannunsa a hankali, ya nufi rumfar Ɗangana.

Ya same shi a kan kujerar roba, mutane kewaye da shi, ana awon kifi a gefe. Ya yi sallama, ya gaishe shi yadda ake gaida babba, sannan ya ce ya zo ne a kan ƙyallen da ke ƙofar kasuwa. Ya ce shida ne suka shiga ba sha huɗu ba, kuma da ƙafafunsu suka shiga, Saje Tamada ne ya horar da su. Shi da ke gaban hoton bai shiga ba, Alhaji kuma ya san dalili, don ya gan shi a cikin lambatu.

Ɗangana ya ce ya ji labari, ya yi niyyar aikowa abubuwa suka yi yawa. Ya ce komai rabo ne, wanda bai samu a nan ba zai samu a can. Sannan ya ƙare wa Mamuda kallo daga sama har ƙasa, ya ce jiki irin wannan bai kamata ya lalace a ruwa ba. Yana neman samari masu tsaron lafiyarsa a yawon kamfe, zai sa a ɗinka masa kaki mai kyau da bel da hula, wanda ya gan shi ba zai bambanta shi da soja ba. Mutanen da ke wurin suka ce madalla, Alhaji ya kyauta.

Mamuda ya jira suka yi shiru.

"Alhaji, kakin da nike nema ba tela ka ɗinka shi ba. Wata huɗu ina nemansa da ƙafata, kai ka karɓe ta ka yi kwalliyar awa guda. Ban zo roƙon komi ba. Ka sa a cire huskata daga ƙyallen can."

Ɗangana ya ce ƙyallen nasa ne, hoton ma nasa ne, yaro bai isa ya zo rumfarsa ya ba shi umarni ba. Ya juya ya ci gaba da magana da mai awo.

Mamuda ya fita. Ya ari wuƙa wurin wata mai gyaran kifi, ya jawo benci, ya hau. Rana tsaka, kasuwa cike, ya yanke hotonsa daga ƙyallen, daga ka har ƙafa, a tsanake, bai taɓa fuskar kowa ba. Ya naɗe guntun ya saka a hammata, ya mayar wa matar wuƙarta. Mutanen Ɗangana uku suka taho da sauri. Kafin su iso mata masu banda da 'yan dako sun riga sun kewaye bencin, wata a cikinsu tana tambaya da ƙarfi ko akwai wanda ya je duba yaron nan da yana kwance. Aka yi ta cacar baki, ba wanda ya ɗaga hannu. Ƙyallen ya kwana shida a wurin da ƙaton rami a tsakiya, mutane na zuwa kallo suna ba juna labari, kafin aka sauke shi.

Washegari Ɗangana ya ce kada a karɓi kifin gidan Mati a rumfarsa. Mati ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwar ɗansa. Suka koma sayar wa wasu mata da ke zuwa daga Kontagora, waɗanda ba sa zuwa kullum, wani lokaci sai Halimatu ta banda abin da ya rage. Ɗangana bai samu tikitin takarar ba, amma ba saboda Mamuda ba ne, wani ne ya fi shi uban gida. Har yau yana rumfarsa, in Mamuda ya wuce ba ya gaishe shi, kuma duk wanda ya ce masa ya yafe, yakan ce wanda bai nemi yafiya ba me za a yafe masa.

Bayan kamar wata guda, wata safiya Mati ya ce yayyen Mamuda su zauna, shi da Mamuda za su fita. Suka yi nisa har hayaniyar gaɓa ta ɓace. Mati na gaba yana warware koma, ya ba ɗansa baya.

"Ni na tura ka," ya ce.

Mamuda ya ci gaba da tuƙi.

Can Mati ya ce ya karkata hagu, akwai kututture a ƙarƙashin ruwan wajen nan. Mamuda ya karkata, suka fara zuba koma.